Masu cewa za su raya sunna, ku zo mu yi magana

Samari da magidanta 'yan uwana na nan Zariya, akwai wata tambaya da take yawan tasowa yanzu, sai ka ji wata ta ce wai in namiji zai auri huɗu me ya hana mace ta auri biyu? Daga nan shi ke nan sai maza su taso kamar an jefi gidan rina, wannan ya zage ta, wancan ya ce boko ya juya mata kai, wani ma ya fitar da ita daga Musulunci yana zaune a teburin mai shayi a Kwangila da kofi a hannu. To ni dai ina ganin zagin nan ba amsa ba ne, kuma yawancin masu zagin tambayar ce ta sosa musu inda yake musu ƙaiƙayi.

Hukuncin kansa babu wani duhu a ciki. Aya ta 24 a Suratun Nisa'i ta sa matan aure cikin waɗanda aka haramta a aura, kuma babu mazhabar da ta saɓa a kan wannan. Abin ma ba sabo ba ne, Larabawa sun yi shi kafin Musulunci, Nana A'isha ta ba da labari a Bukhari cewa a jahiliyya maza ƙasa da goma sukan tarayya a kan mace ɗaya, in ta haihu sai ta tara su ta ce wane ɗanka ne, kuma ba shi da ikon ya ƙi. Manzon Allah (SAW) ya zo ya rushe wannan. Ko iddar da ake yi, jini uku ga wadda aka saka, wata huɗu da kwana goma ga mai takaba, daga cikin hikimarta akwai kada zuriya ta cakuɗe. Masu cewa ai yanzu akwai gwajin DNA, to nassi ne ya hana, ba rashin na'ura ba.

Kuma kada mu ɗauka duniya duk irin tamu ce. A wasu yankunan Tibet da Nepal 'yan uwa maza kan auri mace ɗaya don kada a yayyanka gonar gado, ƙasar noman ta yi musu kaɗan. Ba sai mun je nesa ba ma, Irigwe na wajen Miango a jihar Filato sun yi al'adar mace ta sami miji fiye da ɗaya, ta zauna gidan wannan ta koma gidan wancan, har majalisarsu ta hana a 1968. A 2021 gwamnatin Afirka ta Kudu ta sa maganar a daftarin gyaran dokar aure, kuma cikin waɗanda suka fi kumfar baki akwai wani ɗan kasuwa Musa Mseleku, shi kuwa matansa huɗu a lokacin. Mu dai addininmu ya riga ya yanke mana.

Amma ku faɗa min tsakani da Allah, matar da ke Tudun Jukun ko Gyallesu da ta yi wannan tambayar, kuna jin miji na biyu take nema? Wadda ɗayan ma ya ishe ta? Takaici ne yake magana. Tana kallon yadda muka ɗauki rabin aya muka haddace, rabin kuma muka yi kamar ba a saukar ba. Kowa ya iya "biyu-biyu, uku-uku, huɗu-huɗu", har yaron da ko kuɗin cajin waya sai ya roƙa, amma a cikin wannan aya ta 3 ta Suratun Nisa'i dai aka ce in kun ji tsoron ba za ku yi adalci ba to ɗaya. Ayar ma iyaka ta zo sawa, Gailan bin Salama ya musulunta da mata goma aka ce ya riƙe huɗu ya rabu da sauran. A aya ta 129 kuma aka ja kunne kada ka karkata gaba ɗaya ka bar ɗaya a rataye, ita ba mai miji ba ita ba bazawara ba. Ga hadisin Abu Huraira, wanda yake da mata biyu ya karkata ga ɗaya zai tashi ranar alƙiyama ɓarin jikinsa a shanye. Yaushe rabon da ka ji an kawo wannan a majalisa ana shewa?

Ku leƙa gidajen haya ku gani. Mutum yana ciki da falo, 'ya'ya biyar, uwargida ce ke suyar awara a ƙofar gida tana biyan kuɗin Islamiyya da na sabulu, rana ɗaya sai ya ci bashi ya haɗa lefe wai zai raya sunna. Amarya ta tare, da daddare ya shigo da balangu a baƙar leda ya soke a cikin babbar riga, ya wuce ta gaban yaran da suka kwana da ɗumamen tuwo, su kuma ƙamshin ya riga ya tona masa asiri, suna kallon juna. Uwargida ta yi magana a ce kishi ne, ta yi yaji iyayenta su maido ta ko biko bai je ba, wai haƙuri aka san mace da shi. To shi da me aka san shi? Sunnar ciyarwa da tufatarwa da rabon kwana daidai, da taya iyali aikin gida da Manzon Allah (SAW) yake yi, duk waɗannan ba su kai a raya su ba sai wadda za a sha biki? Lokacin da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya yi maganar dokar hana marar hali ƙara aure a 2017 an yi ta hayaniya, to ko ba ka yarda da dokar ba ai ciwon da ya nuna yana nan a unguwarku.

Inda son kan ya fi muni kuwa shi ne maganar zina. A nan Allah bai bambanta ba ko kaɗan, Suratun Nur ta ambaci mazinaciya da mazinaci tare, bulala ɗari kowanne. Mu ne muka ƙirƙiro cewa namiji ba shi da tabo. Saurayi ya yi wa yarinya ciki, ita a kai ta ƙauye a ɓoye, ta rasa makaranta ta rasa manema, ƙannenta ma a riƙa nuna su da baki, shi kuwa shekara na zagayowa ka ga katin ɗaurin aurensa ana rabawa bayan sallar Juma'a, kuma gidan mutunci suka ba shi. Magidanci ya ajiye dadiro a Sabon Gari abokansa su ce ai wane ba dama, matarsa kuwa a ga lambar da ba a sani ba a wayarta sai saki uku a take. Mai auri-saki da ya bar 'ya'ya a gidaje huɗu ana ba shi budurwa, bazawarar da ya saka kuma ana tambayar me ya fito da ita. Wallahi wannan ba fiƙihu ba ne, babu shi a Risala babu shi a Askari, ku je zaurukan malaman cikin gari ku tambaya.

Ku kuma 'yan uwa mata, takaici kada ya kai ku ga faɗin abin da zai taɓa imaninku. Sannan akwai abin da yake faruwa a ɓoye, miji ya tafi Legas ko Fatakwal neman kuɗi, ya yi ɓatan dabo, ba aike ba waya, sai mace ta gaji ta koma wani gari ta ce ita bazawara ce a ɗaura mata aure. Wannan aure kan aure ne, na biyun bai ɗauru ba, kuma ranar da na farkon ya dawo ke za a ja kotu, shi babu mai tambayarsa ina ya shiga. Alhali hanya tana nan, a mazhabarmu ta Malikiyya alƙali yana da ikon raba aure saboda rashin ciyarwa ko cutarwa, akwai kuma kul'i, matar Sabit bin Ƙais ta mayar masa da gonarsa aka raba su a gaban Manzon Allah (SAW). Ki kai ƙara kotun shari'a da shaidunki, ki karɓi takarda, ki yi idda. In kuma kai ne wanta ko ƙaninta, daina ce mata ta ƙara haƙuri kana kallo, ɗauko mashin ɗinka ka kai ta.