Tsoron asibiti ne ke hana su karɓar maganin

Na karanta labarin nan da ke cewa maza masu neman maza a Legas, har da masu neman maza da mata duka, ba su cika karɓar PrEP ba, wato ƙwayar da mai lafiya ke sha kullum don kada HIV ta kama shi. Ban yi mamaki ba ko kaɗan. Shekara tara ke nan ina tsaron kemis a Agege.

Wani saurayi ya taɓa jira sai da kowa ya watse bayan isha'i, ya sayi Panadol da ba ya buƙata, sannan ya rage murya ya ce, "Baba, wai da gaske akwai maganin da ke hana kamuwa?" Hannunsa na rawa a kan kanta. Na ce akwai, amma sai an gwada jini an tabbatar ba ka ɗauke da ita, kuma a riƙa sake gwaji duk wata uku. Na gaya masa ba ya hana ciwon sanyi, kwaroron roba na nan da amfaninsa. Ya ce shi asibitin ne ba zai iya shiga ba. Tun dokar hana auren jinsi da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a 2014, mai ɗaurin shekara 14, kowace tambayar nas a wurinsu tarko ce.

Masu cewa a ƙyale su da halinsu, da yawa daga cikin mazan nan fa suna da mata a gida. Na san baiwar Allah da aka gano tana ɗauke da cutar wajen awon ciki, ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Yaron nan bai sake dawowa ba. Har yau idan an idar da isha'i nakan duba ƙofa.