Ranar da na sa wa atamfar Kawu farashin naira sifili

Kawuna yana da shago a Kantin Kwari, kuma tun da ya ji an ce na iya kwamfuta ya ɗora mini yi masa shafin intanet. Kyauta, ai ɗan ƙanwarsa ne. Shafuka 14 na haɗa masa da PHP, wani yaren rubuta shafukan intanet, kowanne na rubuta farashi a ciki da hannu. To shi Kawu, dala na motsawa zai kira: "A gyara."

Da na gaji, wani abokina ya ce in zuba farashin a fayil guda, kowane shafi ya riƙa kiransa. Na ce da wane umarni, include ko require? Ya ce ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Na ɗauki include don ya fi daɗin faɗa.

Ashe ba haka ba ne. Shi include yaron aike ne: ka tura shi sayo gishiri, in bai samu ba sai ya yi ɗan gunaguni ya koma wasansa, a sauke miya lami. Shi kuwa require, in bai ga fayil ba zama yake dirshan a bakin ƙofa, ba mai wucewa.

Wani daren Alhamis son tsari ya kama ni, na kwashe shafukan atamfa zuwa wata folda. Hanyar da na rubuta, farashi.php kawai, ta daina kaiwa gida. Gunagunin ma ban ji ba, domin da hannuna na kashe nuna gargaɗi, wai kada Turancin PHP ya tsorata masu saye. Shafi ya buɗe lafiya lau, hotuna raɗau, a ƙasan kowane turmi an rubuta ₦0.

Ko karyawa ban yi ba waya ta yi ƙara.

"Kai ɗan nan, ce maka na yi sadaka zan raba?"

"Kawu, Allah ya huci zuciyarka, me ya faru?"

Wai wata Hajiya ce daga Maraɗi ta ɗauki hoton shafin, ta ce a ɗaure mata turmi talatin, kuɗin mota kuma ita za ta biya don kada a ce ta cika son banza.

Jiki na rawa na mayar da komai require. Shafi ya yi fari fat kamar likkafani. Sai da na gyara hanyar, na sa __DIR__ a gabanta, ta riƙa farawa daga foldar da shafin yake zaune, sannan farashi ya dawo. Abin nan tun PHP 5.3 na 2009 yake, ni kaɗai ba a gaya wa ba. Daga nan kuma saman shafi da tsakiyarsa suka kira fayil ɗaya sau biyu, PHP ta ce ba za ta sake ayyana aikin da ke cikinsa ba, sai da require_once, mai ɗauko fayil sau ɗaya tak, ya raba rigimar.

Hajiya dai har yanzu tana kira. Kawu ya ba ta lambata.