Wai kimiyya ba ta 'yan mata ba ce?

Jiya a Jidda wata maƙwabciyata take cewa 'yarta ta haƙura da kimiyya, wai ƙwaƙwalwar maza ce ke ɗauka. Haba Hajiya! Akwai jarabawar PISA da OECD, wata ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki, ke yi wa yara 'yan shekara 15 a ƙasashe da yawa, Saudiyya ta fara shiga a 2018, kuma a nan ɗin 'yan mata ne suka wuce samari a kimiyya, tazarar ma ba kaɗan ba, haka a Jodan da Ƙatar. Kuma fa ba hadda ake tambaya ba, bayani ake ba yaro ya yi tunani ya fito da hujja. Yarinyar nan da idona na ga tana koya wa yayanta lissafi a tsakar gida, wallahi abin ya dame ni.