Kayar da mutum a zari-ruga ba karo ba ne

Masu kallo da yawa sun ɗauka ɗan wasan zari-ruga yana tare abokin hamayya ne ta hanyar banke shi da iya ƙarfinsa. Doka ba ta yarda da haka ba. Dole mai tarewa ya rungumo mutum da hannuwansa. Wanda ya kai kafaɗa zalla, ko ya kamo wuya, alƙalin wasa zai hukunta shi, wani lokaci har da jan kati. A Ingila, tun 2023 aka dawo da iyakar kamu a wasannin waɗanda ba ƙwararru ba zuwa ƙasan ƙashin ƙirji.

Ga yadda koci nagari ke koyarwa. Ka matso da gajerun taku, ka lanƙwasa gwiwa, baya a miƙe, ido a kan ƙugun mai ƙwallo. Kafaɗarka ta sauka a cinyarsa, kuncinka ya manne a gefen ɗuwawunsa, sannan ka damƙe ƙafafunsa ka tura da ƙafafunka. Da ya faɗi, ka sake shi ka mirgina gefe.

Inda ake jin ciwo shi ne wurin ajiye kai. Sabon ɗan wasa yakan sunkuya ya rufe ido don tsoro, sai kansa ya faɗo gaban gwiwar mai gudu. Nan ake samun girgizar ƙwaƙwalwa da raunin wuya. Shi ya sa ake fara koya wa yara suna durƙushe, sannan a tafe, kafin a kai ga gudu. Yaron da ya bugu a kai, ya ji jiri ko ya rikice, a fitar da shi nan take, kada ya koma fili ranar.