Likita, wa ya tambayi majinyacin?

Abin da aka yi wa wani dattijo mai ciwon sankara a asibiti ba jinya ba ce, kuma ba zan janye wannan maganar don wasu sun ce a bar wa masana ba. Sankara ta cinye huhu, ta shiga hanta da ƙashi, likitocin da kansu sun san kwanaki ne suka rage, amma aka sake ɗaura masa kemo, wato maganin nan mai ƙarfi na kashe ƙwayoyin sankara. Da numfashi ya gaza aka zura masa bututu a maƙogwaro, aka kai shi ɗakin kulawa ta musamman. Ya cika bai iya furta wa 'ya'yansa kalma ɗaya ba. Sannan a fito a ce "mun yi iya ƙoƙarinmu". To wa ya tambaye shi abin da yake so?

Wannan tambayar ce ke cin raina. Mutum da hankalinsa, yana ji yana gani, amma ba wanda ya ja kujera ya ce masa: "Baba, maganin nan ba zai warkar da kai ba. Me ka fi so mu yi da lokacin da ya rage?" Rubuta wani sabon magani ya fi wannan zaman sauƙi, shi ya sa ake gudunsa.

Kuma likitocin su kansu ba haka suke so a yi musu ba. A wani bincike da aka buga a 2014, masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun tambayi likitoci sama da 1,000, kashi 88 cikin 100 suka ce in ciwon ajali ya kama su, kada a danna musu ƙirji don farfaɗo da zuciya. Sun san yadda haƙarƙarin tsoho ke karyewa a ƙarƙashin tafin hannu. Abin da ka ƙi wa kanka, don me za ka yi wa uban wani ba tare da ka tambaye shi ba?

Za a ce rai a hannun Allah yake, ba a yanke ƙauna. Haka ne, kuma ba wanda ya ce a kashe kowa. Barin maganin da ba ya amfani daban, ɗaukar rai daban, kada a cakuɗa mana su. Za a ce dangi ne ke matsawa. Ina za su ƙi matsawa, alhali an bar su cikin duhu? A wani bincike da aka buga a 2000, an sa likitoci 343 su ƙiyasta kwanakin da suka rage wa majinyatansu masu ciwon ajali: kashi 20 kacal na ƙiyasin ya yi daidai, kashi 63 ya zarce gaskiya. Wanda aka ce wa akwai sauran lokaci dole ya ce a ci gaba.

Masu cewa kulawar sauƙaƙa raɗaɗi yanke ƙauna ce, ku saurara. A wani bincike da aka buga a 2010, an gwada majinyata 151 masu sankarar huhu da ta bazu, a babban asibitin Massachusetts da ke Boston. Waɗanda aka haɗa wa wannan kulawar tun da wuri, tare da maganin sankararsu, sun fi samun sauƙin rayuwa, sun fi ƙarancin baƙin ciki, kuma sun rayu wata 11.6 a tsaka-tsaki, sauran kuwa wata 8.9. Tun 1967 wata likitar Birtaniya, Cicely Saunders, ta buɗe gidan kula da masu ciwon ajali na St Christopher's a Landan a kan wannan aƙidar, cewa mai mutuwa yana da haƙƙin a kula da ciwon jikinsa da tsoron zuciyarsa.

Wallahi ina girmama likitoci, na san nauyin da ke kansu. Roƙona kawai, ku tambayi majinyacin tun bakinsa na iya magana.

Ga kuma batun mofin, maganin kashe raɗaɗi mai tsanani, wanda shi ma yake ƙona min rai. Magani ne tsoho mai araha, amma tsoron jaraba ya sa ana ƙanƙame shi, mai makonni a duniya yana kwana yana ihu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 14 cikin 100 ne kawai na masu buƙatar kulawar sauƙaƙa raɗaɗi ke samunta. Uganda tun 2004 ta yarje wa ma'aikatan jinya da suka samu horo su rubuta mofin na sha. Sauran ƙasashe me suke jira?