Ba a busa usur ba, har kun tsine wa mai lamba goma

Jiya da daddare aka fitar da sunayen 'yan wasa 23 da za su buga mana wasan zari-ruga (rugby) na ranar Asabar, wasan sili-ɗaya-ƙwale, wanda duk ƙungiyar da ta faɗi sai ta tattara komatsanta sai baɗi. Muna zaune mu kusan goma, ɗayanmu ya ɗaga waya yana karanto sunayen. Lamba ɗaya, lamba biyu, lamba uku, kowa yana gyaɗa kai. Yana isowa lamba goma, bai ma rufe baki ba, wani ƙanenmu da bai fi shekara ashirin ba ya buga cinya ya ce, "Wannan banzan kuma? Allah Ya sa ya karye a atisayen gobe mu huta." Aka bushe da dariya. Ni dai dariyar ta ƙi zuwa, har na kwanta maganar tana yi mini yawo a ka.

'Yan uwana, ƙannena, ba musu nake hana ku ba. Musu kan wa za a saka, wa za a ajiye, shi ne rabin daɗin makon babban wasa, kuma ni ma da an tambaye ni, da ba wannan yaron zan fara da shi ba. Akwai abin musu na gaske a zari-ruga. Mutum goma sha biyar ne a fili, takwas a benci, kuma yadda koci zai raba takwas ɗin nan tsakanin ƙartin gaba da masu gudun baya yana iya yanke hukuncin wasa. Za a ɗauki mai lamba goman da ke buɗe fili da miƙa ƙwallo, ko wanda bugunsa ba ya kuskure tsakanin sanduna? Idan aka yi ruwa fa? Idan turereniya, wato turawar da ƙartin gaba ke yi kafaɗa da kafaɗa a kan ƙwallo, ta fara ja da baya a minti na sittin, wa za a tayar? A yi wannan har asuba, ba laifi. Abin da ya ƙona mini rai shi ne mugun baki a kan ɗan wasan da zai sa rigarku, ya shiga fili ya ba da ƙashinsa domin ku yi murna.

Wai ya karye. Ka san mene ne karaya a wannan wasa, ƙanena? A gasar cin kofin duniya ta 2023, Antoine Dupont, kyaftin ɗin Faransa, ya yi karo da ɗan wasan Namibiya ƙashin kuncinsa ya tsage, sai da aka yi masa tiyata. Bayan 'yan makonni ya sa hular kariya ya dawo ya buga wasan kwata-fainal. Irin mutanen da kuke zaune a inuwa kuna yi wa fatan karaya ke nan. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa, kuma wanda ya saba wa harshensa da tsinuwa a kan ƙwallo, gobe a kan ɗan uwansa zai yi ta.

Bari in ba ku labarin Stephen Donald, wani mai lamba goma na Niyu Zilan. A 2010, a Hong Kong, Ostireliya ta doke Niyu Zilan da maki 26 da 24 a ƙarshen lokaci, aka ɗora wa Donald laifin, mutanen ƙasarsa suka yi masa ca, ba irin sunan da bai sha ba. Da gasar duniya ta 2011 ta zo, a gidansu ma, ko cikin tawagar ba a sa shi ba. Sai Dan Carter, babban mai lamba gomansu, ya ji rauni a atisaye, Colin Slade da ya maye gurbinsa ya ji nasa a kwata-fainal. Donald yana bakin kogi yana kamun kifi aka neme shi. Ranar wasan ƙarshe da Faransa a filin Eden Park, Aaron Cruden da ya gaje su shi ma ya faɗi tun kafin hutun rabin lokaci, Donald ya shigo da rigar da ta matse shi, ya buga fanareti ta shiga. Aka tashi 8 da 7. Ƙasar da ta shekara 24 tana jiran kofi, makin mutumin da ta gama zagi ne ya raba ta da Faransa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ina so in san inda masu zagin nan suka sa fuskarsu a daren, ko da yake na san amsar: su ne suka fi kowa tsalle, ba wanda ya ce a yafe masa.

Haka muke. Mu zagi mutum ranar Alhamis, mu ɗauke shi a kafaɗa ranar Asabar, ko kunya babu.

Kuma me muka sani? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Koci yana tare da yaran nan kullum, ya san wanda kafaɗarsa ke ciwo yana ɓoyewa, ya san wanda ke kiran tsarin tsaro a fili, ya kalli faifan abokan karawa har idonsa ya yi ja. Mu kuwa yawancinmu ko cikakken minti tamanin ba ma iya zama mu kalla. Guntun bidiyo na minti uku ne iliminmu, inda ake nuna masu gudu suna dangwala ƙwallo a bayan layi. Wanda ya yi kamu ashirin, ya cusa kansa cikin tarin ƙarti yana ƙwato ƙwallo, ba ya fitowa a guntun bidiyo, sai mu ce ba ya komai, a cire shi.

Dubi Afirka ta Kudu a gasar cin kofin duniya ta 2023. Da mai lamba biyunsu Malcolm Marx, ɗaya daga cikin ƙartin gaba, ya ji rauni, maimakon su kira wani mai lamba biyu sai suka kira Handre Pollard, mai lamba goma. Aka yi ta surutu. Suka zuba 'yan gaba bakwai a benci da ɗan baya ɗaya tal, Ailan ta doke su 13 da 8 a rukuni, surutu ya ƙaru. A wasan kusa da na ƙarshe da Ingila, cikin ruwan sama, aka cire mai lamba gomansu Manie Libbok bayan kusan rabin awa aka sa Pollard, shi ya buga fanaretin da ta ba su 16 da 15 ana dab da tashi. A wasan ƙarshe suka sake komawa bakwai da ɗaya, Pollard ya ci dukkan maki 12, Niyu Zilan na da 11. Kafin nan sun fitar da Faransa 29 da 28. Wasa uku, kowanne da tazarar maki ɗaya. Da bugu ɗaya ya kauce, da yau sunan masu horarwar nan mahaukata a bakinku. To, a wasan da maki ɗaya ke raba gwani da wanda ya faɗi, ina wani ya samo tabbacin da har zai tsine wa mutum kwana biyu kafin a fara?

Na san inda wani ɓangare na zafin nan yake fitowa, kuma sai na faɗa. Caca. Yaro ya zuba kuɗinsa a kan sakamako, daga nan ɗan wasa ya daina zama mutum a idonsa, ya koma abin da zai ci masa kuɗi ko ya cinye masa. Ka ga wanda ke zagi har jijiyar wuyansa ta tashi, duba wayarsa. Ba ƙaunar ƙungiya ba ce ke magana, asara ce ke kuka tun kafin ta zo. Allah Ya raba mu da wannan musiba, ta lalata kallon wasa, ta lalata aljihu, ta lalata tarbiyya.

Kada ku ce ai ba ya ji, yana can wata ƙasa. Suna ji. Bayan gasar 2023 Owen Farrell, kyaftin ɗin Ingila a lokacin, wanda ya fi kowa ci wa ƙasarsa maki a tarihi, ya janye daga buga mata wasa domin lafiyar hankalinsa da ta iyalinsa, bayan ihu da cin mutuncin da ya sha. Wayne Barnes da ya yi alƙalancin wasan ƙarshe, har barazanar kisa aka aika masa. Tom Foley da ya zauna a gaban na'urar bidiyo a wannan wasa ya ajiye alƙalancin wasannin ƙasa da ƙasa saboda zagi. Kowane ɗaya daga cikin masu aika saƙon nan ya fara ne kamar ƙanenmu na jiya, da kalma ɗaya a cikin abokai, aka yi masa dariya maimakon a kwaɓe shi. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani, mu da muka yi dariyar ma muna da kaso.

Abin da ya sa na ƙaunaci zari-ruga tun farko ladabinsa ne. Ƙato mai kilo ɗari da ashirin, alƙali ya kira shi, ya tsaya ya sunkuyar da kai ya saurara ya koma ba musu. Kyaftin ne ke magana da alƙali, saura su ja baya. A tashi wasa, mutanen da suka gama gwara ƙashi su jeru layi biyu su tafa wa juna. A filin Thomond Park na Ailan, dubban mutane kan yi tsit idan mai bugu ya ajiye ƙwallo zai buga, ko da na abokan hamayya ne. Manyan da suka koya mana kallon wasan nan, in ɗan wasa ya yi kuskure iyakarsu su ce, "Yau ba ranarsa ba ce." In ba su yarda da zaɓin koci ba, su kawo dalili, wane ya fi wane kamu, wane ya fi wane bugu, a yi musu a tashi ana gaisawa. Ban taɓa jin ɗayansu ya ambaci uwar ɗan wasa ba. Yanzu kuwa wanda ya fi iya ashar shi ake ɗauka masani, mai kawo hujja a ce ya cika dogon turanci. Ina wancan zamani ya tafi, kuma yaushe muka bari ya tafi?

Ku gyara, don Allah. Ku ji tsoron Allah a kan harshenku, ku riƙa kwaɓar junanku. Da safen nan na tare ƙanen namu na ce masa, wanda ka yi wa fatan karaya jiya yana da mahaifiya da za ta zauna gaban talabijin ranar Asabar gabanta na faɗuwa duk lokacin da aka kayar da shi. Ya sunkuyar da kai yana murza waya a hannu, can ya ce, "Yaya, ai wasa nake yi." Na ce masa ranar Asabar kusa da ni zai zauna.