Iska kyauta ce, wutarta kuwa da tsada

Ranar nan a fadarmu ta Birni ana shan shayi, iskar hunturu na kaɗa kwanon rumfa, wani ya ce Turawa sun huta, tunda iskar teku ke ba su wuta ai ba sa biyan ko dala. Da yawa haka suka ɗauka.

Iskar dai kyauta ce. Kuɗin yana wurin kafa turakun ƙarfe a ƙasan ruwa don ɗora fankar da iska ke juyawa ta ba da wuta, da jan waya zuwa gaɓa, da hayar manyan jiragen aikin, kuma mafi yawansa bashi ake ciyowa tun kafin fanka ta juya. Da kuɗin ruwa ya hau, farashin wutar sai ya bi shi.

Shi ya sa Birtaniya ke yi wa kamfanoni alkawarin tsayayyen farashi na shekaru masu yawa. In kasuwa ta faɗi a cika musu, in ta haura su mayar da rarar. A 2023 gwamnati ta matse farashin, kamar mai taya rago da kuɗin akuya, ko kamfanin iskar teku ɗaya bai shiga gwanjon da ake neman wannan alkawari ba. Dole ta ƙara a zagaye na gaba.

Mu da ba mu da teku, rana ce tamu, ita ma faifanta sai an saya.